Tsaftar Ɗa Namiji Kafin Balaga: Wa Zai Gaya Masa?

Duk malamin da ya taɓa riƙe aji biyar ko aji shida na firamare a ƙasar Gumel ya san halin da ake shiga a watannin Afrilu da Mayu. Rana ta take, kwanon rufi ya ɗau zafi, yara sun dawo daga tara jina-jina da gumi bayan sun sha ƙwallo a cikin rairayi. A cikinsu akwai wanda jikinsa ya fara sauyawa, shi kuwa bai sani ba. Abokan bencinsa su fara matsawa, 'yan mata su toshe hanci da hijabi, kafin mako ya zagayo an laƙaba masa suna, sunan kuma yakan bi mutum har furfura. Wani yaron sai ya koma bencin baya, ya daina ɗaga hannu. Wani ya fara fashin makaranta, mu rubuta shi a rajista cikin marasa zuwa, ba tare da mun binciki dalili ba.

Ra'ayina shi ne, wannan yaro ba ƙazami ba ne. Yaro ne da ba wanda ya zaunar da shi ya yi masa bayani, kuma alhakin hakan yana wuyanmu, malamai da iyaye baki ɗaya.

Mu fara da abin da ke faruwa a jikin. Likitoci sun ce ɗa namiji yakan fara shiga balaga tsakanin shekara 9 zuwa 14. A lokacin ne wasu ƙananan jijiyoyin gumi da ke hammata da matsematsi suke farkawa, su riƙa fitar da gumi mai maiƙo. Gumin shi kansa ba ya da wari. Ƙwayoyin cutar da ke zaune a kan fata ne suke cinsa su haifar da warin. Fatar fuska ta ƙara yawan mai, ƙuraje su feso. Gashi ya tsiro a hammata da mara, murya ta buɗe, sannan wata rana ya yi mafarki. Wankan da ya ishe shi yana ɗan shekara 7, watsa ruwa a guje, yanzu ba ya isarsa. Mu tuna kuma a ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar yara da yawa ba sa shiga aji ɗaya da wuri, saboda haka ɗan shekara 13 a aji biyar ba baƙon abu ba ne. Balaga a firamare take samunsu, a hannunmu.

Me ya sa ake barin namiji a duhu? 'Ya mace tana kusa da mahaifiyarta, tana da inna da gwaggo da yayye mata, kuma da ta ga baƙon al'amari akwai wadda za ta ja ta ɗaka. Shi kuwa namiji, da ya fara tasawa sai a raba masa makwanci, ya koma zaure ko shago cikin samari. Uwa ta daina yi masa wanka, ta daina ganin jikinsa. Uba yana gona ko kasuwa, in ma yana gida kunya ta shiga tsakani, musamman in ɗan fari ne da ko sunansa ba a faɗa. Kunya ado ce, ba mai musun wannan. Amma in ta hana babba magana, yaro zai nemi amsa a wurin sa'o'insa a dandali, ko a wayar wani yayansa, abin da zai samo a can kuwa ba mai daɗin ji ba ne.

Abin mamaki, addini bai bar mana wannan giɓi ba. Littattafan fiƙihun da ake fara karantawa a zaurukanmu, irin su Ahalari da Ishmawi, tun a farko-farkonsu suke bayanin tsarki da alwala da wanka. Risala ta kawo babin fiɗira, wanda ya ƙunshi yanke farce da cire gashin hammata da aske na mara. An umarci iyaye su sa yaro salla yana ɗan shekara 7, su tsananta a shekara 10. To, yaron da ya balaga bai san wankan janaba ya hau kansa ba, wace salla yake yi? Wanda duk ya ce wannan magana rashin kunya ce, ko baƙuwar tarbiyya ce aka shigo mana da ita, sai ya koma ya buɗe littafin da ya karanta a gaban malaminsa.

Abin da za a koya wa yaron ba shi da yawa, kuma ba shi da tsada. Wanka da soso da sabulu kullum, a bazara sau biyu in ruwa ya samu, a kuma nuna masa wuraren da ake nufi: hammata, matsematsi, bayan kunne, wuya, tsakanin yatsun ƙafa. Sabulun salo ya wadatar. Ya tsane jikinsa kafin ya sa kaya, domin danshi ne abincin ƙaiƙayi. Ya mallaki kamfai da singileti aƙalla bibbiyu, ya wanke ɗaya da hannunsa da yamma ya shanya, ya sa ɗaya. Alimun da ake sayarwa a kowace kasuwa, in an jiƙa an goga a hammata, yana rage wari. Asuwaki ko buroshi safe da dare. Farce a yanke duk Juma'a. Ƙurajen fuska kada a matse su, a wanke da sabulu kawai. Da hunturu, a shafa man kaɗanya ko basilin saboda kaushi da faso, kada sanyi ya zama hujjar yin kwana uku ba wanka. A ja masa kunne kan aron reza da mataji da hula da tawul, domin ta nan makero ke yawo daga kai zuwa kai, kazuwa kuma ta shimfiɗa da tufafi, reza ɗaya tana iya ɗaukar ciwon hanta daga wani zuwa wani.

Sanin abu daban, sabawa da shi daban. Ɗabi'a ba ta zama sai an ɗaura ta a kan abin da ake yi kullum. Sallolin nan biyar su ne agogon da ya fi kowane: asuwaki da alwalar asuba, wanka kafin a sa kayan makaranta, wankin kamfai bayan la'asar, yanke farce da aski kafin masallacin Juma'a. Yaro ya samu bokitinsa da sosonsa da igiyar shanyarsa, don abin da mutum ya mallaka shi yake kulawa da shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, shekara 10 zuwa 11 ita ce lokacin, kafin ya tafi makarantar kwana inda ba mai tuna masa.

A nan ne nake da magana da mu malamai. Mun gaji duba tsafta a taron safe, mun kuma gaji bulalar da ke biye da ita. Duba farce da haƙora da kayan makaranta abu ne mai kyau, a ci gaba. Amma fito da yaro gaban ɗalibai ana ce masa mai wari ba ya koya masa wanka, ƙiyayyar makaranta yake koya masa. Maganar jiki a keɓe ake yin ta. Malami namiji ya tara yaran aji biyar da shida maza zalla, sau ɗaya a zango, a ƙarƙashin bishiya, ya yi bayani da lafazi mai tsabta, tare da malamin addini in so samu ne. Wanda ke buƙatar ƙarin magana a kira shi gefe, da sanin shugaban makaranta, a wurin da ido ke gani amma kunne ba ya ji. Uban da nauyin baki ya hana shi, ya wakilta kawu ko baffa, ko kakan da akwai wasa tsakaninsu. Uwar da ke riƙe da marayu ta nemi ɗan'uwanta ko malamin ajin.

Za a ce ruwa fa? Tambaya ce ta gaskiya. Ƙasarmu ta jigawa ce, rijiyoyinmu masu zurfi, kuma akwai gidan da sai an sayi jarka a hannun 'yan ga-ruwa. Sai dai rabin bokiti da soso ya fi cikakken bokiti da aka kwara a banza, buta ɗaya kuma ta isa a wanke hammata da matsematsi. Sauran nauyin na hukuma ne. A watan Oktoba na 2022 aka bayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko a Nijeriya da ta rabu da bahaya a fili, a dukkan ƙananan hukumominta 27. Abin alfahari ne, amma ba zai ɗore ba in makarantar da ke koyar da tsafta famfonta ya lalace, bayan gidanta ba ƙyaure.

Don haka ina kira ga reshen ƙungiyarmu ya ɗauki abu uku. Na farko, a tattara sunayen makarantun da ba su da ruwa ko bayan gida mai aiki a Gagarawa, a miƙa wa sakataren ilimi da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha a rubuce, a gayyaci rassan Gumel da Maigatari da Sule Tankarkar su yi haka. Na biyu, a roƙi kwamitocin kula da makarantu da ƙungiyoyin iyaye da malamai su sa sabulu da buta cikin abin da suke tanada kowane zango. Na uku, ranar 15 ga Oktoba, ranar wanke hannu ta duniya, ta zama ranar da kowace makaranta za ta yi zaman yara maza da na mata daban-daban.

Kafin nan, kowannenmu yana da ɗa ko ƙane ko ɗan riƙo a gida. Mu fara da shi a wannan mako. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba mu ikon sauke amanar da muka ɗauka.