Tsuntsayen Bakin Kanal da Sanyin Hunturu



To, hunturu ya kama. Duk wanda ya bi bakin kanal da sassafe, tsakanin Kura da Kadawa ko ta wajen Bunkure, zai tarar da balbela da zalɓe da kirinjijiya sun yi cirko-cirko, kowanne ya maƙe wuya. Sai yaro ya ce sanyi ya kashe musu jiki, banza ta faɗi, ya zaro danƙo. Ni dai ina ganin wannan kuskure ne, ga kuma hujjata.

Tsuntsun nan lafiyarsa lau, tattalin ɗumin jikinsa yake yi. Ku lura, kullum iska yake fuskanta, don in ya ba ta baya sai ta ɗaga gashinsa, sanyi ya ratsa shi. A ƙarƙashin manyan gashin akwai wani lallausa kamar auduga, shi ke riƙe iska mai ɗumi. Tsayuwa da ƙafa ɗaya kuwa, ɗayar ya cusa cikin gashi ne ta ɗumama. Agwagwa tana da wani maiƙo a gindin wutsiya, da baki take ɗiba tana gyara gashinta, ruwa ya zame bai taɓa fata ba. Da irin wannan shiri ne babbar farar agwagwar nan mai dogon wuya, wadda Turawa ke kira suwan, take kwana a tafkunan Ingila har lokacin da bakin ruwan ya daskare. Namu sanyin ai wasa ne a kan nasu!

Sai dai ɗumin nan da abinci ake sayensa. Duk jifa ɗaya da ya tashi garke, sun ƙone wani ɓangare na abin da suka wuni suna tsinta. Wasunsu ma baƙi ne, ƙananan agwagin da suka ƙetaro Sahara daga Turai, su sauka fadamun Haɗeja da Nguru da duk inda ruwa ya kwanta. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 ruwa ke gudu a nan har da rani, shi ya sa suke raɓar mu. Balbela kuwa fara da tsutsa take cinye wa mai tumatir da alkama, ba ta karɓar ko sisi.

Iyaye mata, ku ma ga naku. Ruwan omo yana lalata wannan shiri na gashin agwagwa, ta jiƙe sharkaf har fata. Shi ya sa a kan wayi gari 'yan agwagi sun sandare, a ce annoba ce, alhali kwatamin wanki suka shiga da yamma. A kawar da su daga nan, a kewaye akurki da zana ko buhu ta gefen arewa da gabas, inda iskar ke fitowa, a shimfiɗa musu ƙaiƙayin shinkafa. Ƙaiƙayi dai ba ya wuya a Kura.

Wassalam.