MUDU BIYU A KASUWA ƊAYA: DARASIN AUDUGA

Duk wanda ya san kasuwar ƙauye ya san ɗan kasuwar nan mai mudu biyu, babba na saye, ƙarami na sayarwa. Ranar da asirinsa ya tonu, sarkin kasuwa yakan fasa mudun a bainar jama'a. To, yaya ke nan idan mai mudu biyun ne yake da babbar kujera a majalisar kasuwa?

A watan Afirilu na 1994, a birnin Marrakesh na ƙasar Maroko, aka rattaba hannu a kan yarjejeniyar da ta haifi Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, wato WTO, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 1995, Nijeriya kuwa tana cikin mambobinta na farko. A gabatarwar yarjejeniyar an ambaci ɗaga rayuwar jama'a da ci gaba mai ɗorewa. Aka ce wa ƙasashe masu tasowa su buɗe iyakokinsu, su rage kuɗin fito, kowa zai ci riba. Sai mu auna wannan alkawari da abin da ya sami auduga.

Manomin Mali ko na Chadi yana noma da garmar shanu, yana tsinkar audugarsa da hannu, kuma abin da yake kashewa bai kai na manomin Amurka ba. Amma a kakar 2001 zuwa 2002 gwamnatin Amurka ta ba manoman audugarta, su kimanin 25,000, tallafin da ya doshi dala biliyan huɗu. Da wannan kuɗi suka yi ta noma fiye da buƙata, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi ƙasa warwas. Ashe gasar da aka kira mu zuwa gare ta, tsakanin talakan ƙauye ne da baitulmalin ƙasa mafi arziki a duniya.

A 2003 ƙasashe huɗu, Benin da Burkina Faso da Chadi da Mali, suka haɗa kai suka kai kukansu. Taron ministoci na Cancun a Mekziko, a watan Satumba na shekarar, ya watse ba tare da matsaya ba. A taron Hong Kong na 2005 aka yi alkawarin magance batun auduga cikin gaggawa. A Nairobi a 2015 aka amince a soke tallafin fitar da amfanin gona waje, amma tallafin cikin gida, wanda shi ne tushen cutar, an bar shi. Daga baya ma Sin ta zarce Amurka wajen tallafa wa manoman audugarta.

Babban abin lura shi ne ƙarar da Brazil ta shigar da Amurka a 2002. Ta yi nasara, aka ba ta izinin ramuwa, sai Amurka ta gwammace daga 2010 ta riƙa biyan ta kimanin dala miliyan 147 a shekara, kafin a rufe maganar a 2014 da dala miliyan 300. Manomin Afirka da aka cuta da wannan tallafi bai sami ko sisin kwabo ba, domin ƙasarsa ba ta da ƙarfin ramuwar da za a ji tsoro. Tun Disamban 2019 kuma kotun ɗaukaka ƙara ta ƙungiyar ta daina aiki, saboda Amurka ta hana naɗa sababbin alƙalai.

Sai dai adalci ya wajabta mu faɗi namu laifin. A 1986, ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki na SAP, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, aka bar manomin Funtuwa da Gusau ba iri mai kyau, ba tsayayyen farashi. Masaƙun Kaduna da Kano, waɗanda suka ciyar da dubban iyalai, suka yi ta rufewa saboda rashin wutar lantarki da fasa-ƙwauri, har Kantin Kwari ta cika da atamfar waje. Ba a Turai aka yi mana wannan ba. Kuma kasancewar 'yar Nijeriya, Ngozi Okonjo-Iweala, ta hau shugabancin WTO a 2021 bai canja mudun ba, tun da ƙasashe mambobi ne suke yanke shawara.

Saboda haka ra'ayinmu shi ne, ci gaba ba ya ɗorewa a ƙasar da take sayar da auduga ɗanya ta sayo riga. Wajibi ne ƙasashen Afirka su zauna teburin tattaunawa da murya ɗaya, kamar yadda ƙasashe huɗun nan suka gwada, kada kuma su ƙara buɗe wata ƙofa sai an rage tallafin da yake karya manomansu. Yarjejeniyar ciniki ta nahiyar Afirka, wadda Nijeriya ta sa wa hannu a Yamai a 2019, za ta amfane mu ne idan muna da abin sayarwa. Don haka a gyara wuta, a tsare iyaka, a ba manomi iri, a raya masaƙa.

Mu kuma talakawa, mu tambayi wakilanmu abin da suke sa wa hannu da sunanmu. Allah Ya ba shugabanninmu ikon tsayawa a kan gaskiya, amin.