Tantin Alfarma a Dawa: Wa Zai Ga Giwar, Wa Zai Ci Ribarta?

Wata rana, a tsakiyar darasin ilmin halittu a wata makarantar sakandare a Baure, na tambayi ɗalibai ko akwai wanda ya taɓa ganin giwa da idonsa. Aji ya yi tsit. Can sai wani yaro ya ɗaga hannu, ya ce ya gan ta a gidan ajiye namun daji na Audu Baƙo da ke Kano. Sauran kuwa a littafi suka san ta, ko a wayar hannu. Abin ya tsaya mini a rai, domin harshen da yaran nan ke magana da shi cike yake da giwa da zaki da ɓauna: suna cikin karin maganarmu, da tatsuniyoyinmu, da kirarin sarakunanmu. Sunayen sun rage a baki, masu sunayen sun bar ƙasar.

A daidai wannan lokaci kuma, akwai mutanen da ke tasowa daga Turai da Amurka da Asiya, su biya maƙudan kuɗi don su kwana kusa da waɗannan dabbobi. Irin wannan tafiya ita ake kira safari. Kalmar ta Swahili ce, asalinta kuwa Larabci, watau tushensu ɗaya da kalmarmu ta safara. Ga yadda abin yake a wurare irin su Masai Mara ta Kenya, da Serengeti ta Tanzaniya, da fadamar Okabango ta Botswana. Kamfani zai kafa tantuna kaɗan a tsakiyar gandun daji, amma ba irin tantin da muka sani ba: a ciki akwai gado, da makewayi, da ruwan zafi, da lantarki mai aiki da hasken rana, ga kuku yana dafa abinci. Da asuba ɗan jagora zai ɗebi baƙi a mota mai buɗaɗɗen sama, a shiga dawa neman dabbobi, a dawo da hantsi, sa'an nan a sake fita da la'asar. A wasu sansanonin, kwana ɗaya na mutum ɗaya yakan haura dalar Amurka 1,000, wanda a canjin shekarar 2024 ya wuce naira miliyan ɗaya.

Zaɓen waɗannan lokuta na fita yana da dalili na kimiyya, kuma ya kamata ɗalibi ya lura da shi. Manyan dabbobi masu shayarwa suna fama da zafin jiki idan rana ta take, saboda haka sukan fake a inuwa, su bar kiwo da farauta sai da sanyin safiya ko na maraice. Haka kuma rani ya fi damina daɗin kallo, domin ciyawa ta bushe ta kwanta, tafkuna sun ƙafe, dole dabbobi su taru a inda ruwa ya saura. Ƙwararren ɗan jagora yana karanta sawu, da kashi, da karyayyen reshe, da kukan tsuntsu, kamar yadda maharban ƙasarmu suka gada. Iliminsu guda ne, sai dai ɗaya yana ɗauke da bindiga, ɗaya kuma madubin hangen nesa.

Wasu abokan aikina suna ganin wannan harka almubazzaranci ce kawai ta masu hannu da shuni. Ni ban tafi a kan haka ba. Tsare gandun daji aiki ne mai cin kuɗi: albashin masu gadi, motoci, mai, hanyoyi, rediyon sadarwa. Dabbar da ba ta kawo wa kowa komai, ƙarshenta tukunya. Ƙasar Ruwanda ta gane haka. A 2017 ta ƙayyade cewa duk mai son ganin gwaggon birin tsaunukanta sai ya biya dala 1,500, kuma kashi 10 cikin 100 na kuɗin shigar gandayen dajin ƙasar ana ware shi ne don ayyukan ƙauyukan da ke maƙwabtaka da su. Botswana ma ta daɗe da zaɓar baƙi kaɗan masu biyan kuɗi da yawa, maimakon cincirindon jama'a masu tattake daji. Wannan ma yana da hujja. Wani bincike da aka wallafa a 2018 kan rabbi a Masai Mara ya nuna cewa uwayen da ke zaune inda motocin 'yan kallo suka yi yawa ba su cika raya 'ya'yansu har su girma ba, in an kwatanta da na wuraren da motoci ba su da yawa. Ashe kallo kansa yana iya zama cuta idan ya wuce kima.

Amma fa akwai inda nake ja da baya. An tashi Masai daga Serengeti a 1959 don a keɓe wa dabbobi wuri, kuma a 2022 an sake yin arangama a Loliyondo, a arewacin Tanzaniya, kan raba makiyaya da wuraren kiwonsu. Duk tantin alfarmar da aka kafa a kan filin da aka ƙwace wa talaka, ba kiyaye muhalli aka yi ba, an dai sauya wa daji mai shi ne. Bugu da ƙari, annobar korona ta 2020 ta nuna raunin dogaro ga baƙi kaɗai: jirage suka tsaya, sansanoni suka rufe, ma'aikata da yawa suka rasa abin yi.

To, mu koma gida. Abin da muke da shi mafi kusa da wannan harka shi ne Yankari, a ƙaramar hukumar Alkaleri ta Jihar Bauchi, tafiyar yini guda a mota daga Baure. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga jama'a a 1962, ya zama gandun daji na ƙasa a 1991, sa'an nan aka mayar wa Jihar Bauchi da shi a 2006. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244. Kogin Gaji ya ratsa shi, kuma a bakinsa ne dabbobi ke taruwa da rani: giwa, ɓauna, gwanki, kanki, gwambaza, mugun dawa, ga dorina da kada a ruwa. Akwai kuma maɓuɓɓugar Wikki, wadda ɗumin ruwanta ba ya sauka daga kimanin digiri 31 a ma'aunin Salshiyas, rani da damina, dare da rana, saboda daga can ƙarƙashin ƙasa yake fitowa inda yanayin sama ba ya taɓa shi. Garken giwayen Yankari yana cikin 'yan kaɗan da suka rage a Nijeriya baki ɗaya.

Ko ya dace a kafa tantunan alfarma a Yankari? Ina ganin ya dace, amma bisa sharaɗi. Babbar giwa takan ci abin da ya kai kilo 150 na ganye da ciyawa a yini. Idan garke ya ƙetare iyaka ya faɗa gonar masara ko dawa, aikin shekara yana iya ƙarewa a dare ɗaya. Manomin da wannan ya faru da shi ba ya buƙatar lacca kan muhimmancin halittu. Abin da zai sa ya haƙura shi ne ya ga diyya, ya ga ɗansa ya sami aikin gadi ko jagora, ya ga an sayi kaji da kayan lambun ƙauyensu a ɗakin girkin sansanin. Kimiyya ma tana da nata taimakon: a Kenya an gwada kewaye gonaki da amya, aka ga giwaye suna gudun zuma, manomi ya tsira da amfaninsa, ya kuma sami zumar sayarwa. In ba a rubuta rabon ƙauyuka a cikin yarjejeniya tun farko ba, to kada a kafa ko turke ɗaya.

Sharaɗi na biyu shi ne wanda ya fi damuna a matsayina na malami. A ware wani kaso na kuɗin kowane tanti don ɗaukar nauyin ziyarar makarantun gwamnati. Baƙon da ya zo daga Landan zai yi kwana uku ya tafi da hotuna. Wanda zai yanke hukunci kan makomar dajin nan da shekara talatin, a matsayin alƙali, ko ɗan majalisa, ko hakimi, ko makiyayi, yana zaune yau a aji irin nawa. Gani ya kori ji, kuma da wuya mutum ya tsaya wa abin da bai taɓa gani ba.

Darasi mafi kusa da yanayinmu, a ganina, yana Jamhuriyar Nijar. A yankin Kure, gabas da Yamai, raƙuman dawa na Afirka ta Yamma sun ragu har suka koma 49 kacal a 1996. Ba a kewaye su da waya ba, ba a kori kowa ba. A cikin gonakin mutane suke yawo, suna cin ganyen gawo da sauran itatuwa masu ƙaya. Aka hana farautarsu, mutanen yankin suka kafa ƙungiyar 'yan jagora, aka riƙa tallafa wa ƙauyuka, har adadinsu ya haura 600. A 2018 aka kwashi takwas daga cikinsu aka kai gandun dajin Gadabeji a Jihar Maraɗi. Sai dai a watan Agusta na 2020 'yan bindiga suka kashe mutum takwas a Kure, Faransawa shida da 'yan Nijar biyu, har da ɗan jagora. Harkar baƙi ta durƙushe nan take. Wannan ya isa ya nuna mana cewa ba wanda zai biya kuɗi ya kwana a tanti a dajin da babu tsaro, kuma mu mutanen Jihar Katsina mun san abin da dajin Rugu ya koma.

A Baure ba mu da giwa, ba kuma zan yaudari ɗalibai cewa za ta dawo ba. Ƙasar ta cika da gonaki, ruwan sama kuma kaɗan ne. Amma muna da gawo, bishiyar da ke zubar da ganye da damina ta bar wa gero haske, ta kuma yi kore da rani lokacin da dabbobi ke neman abinci. A tsallaken iyaka, wajen Magarya da Matamaye, manoma sun raya miliyoyin irinta ta hanyar sassaben zamani, watau barin tohon da ya fito da kansa a gona a riƙa gyara shi. Muna da shamuwa, wadda ke ƙetare rabin nahiyar Afirka daga kudu ta iso mana gab da faɗuwar damina. Muna da belbela, da zalɓe, da bushiya, da damo, da yanyawa ga mai sa'a. Malamin kimiyya ba ya buƙatar mota mai buɗaɗɗen sama kafin ya fitar da ajinsa bayan gari da sassafe. Littafin rubutu da fensir sun isa: a rubuta rana, da wuri, da sunan abin da aka gani, da adadinsa, a kuma tambayi dattawan Babban Mutum ko na kowane ƙauye irin dabbobin da suka sani a ƙuruciyarsu waɗanda yanzu babu su. Idan makarantun Baure, da Zango, da Sandamu, da Mai'aduwa, da Daura suka riƙe wannan rajista shekara biyar a jere, sashen nazarin halittu na kowace jami'a a jihar nan zai so ya karɓe ta ya yi aiki da ita.