JINGINA DABAN, KARKATA DABAN

Yau ba ci gaban labari na kawo muku ba, ku yi min afuwa. Wani abu ne ya tsaya min a rai tun da na dawo daga biki a Rogo Sabon Gari, na ga in ban amayar da shi ba ba zan samu sukuni ba.

Ranar wuni muna zaune a tsakar gida sai wata 'yar ƙanwata da ta gama sakandare bana ta raɓo ni tana sunne kai, ta miƙo min wayarta ta ce, "Anti, don Allah ki duba min, labari na fara rubutawa." Na karɓa da murna, kuma tsakani da Allah yarinyar tana da basira, ta iya ƙulla zance. Sai dai ban yi nisa ba na fara cin karo da wata kalmar Turanci guda ɗaya. Saurayi ya yi leaning a jikin mota, budurwa ta yi leaning a kan kujera, Hajiya ta yi leaning tana shan shayi, kai har bishiyar ƙofar gida ma leaning ta yi. Na ce, "'Yata, duk mutanen littafin nan ciwon baya suke yi ne?" Ta yi dariya, ta ce ai Hausa ba ta da kalmar da za ta fito da abin yadda take so.

Ban kai ga ba ta amsa ba sai muka jiyo muryar Kawu daga zaure, tsohon da ko sau ɗaya bai taɓa zama a aji ba, yana yi wa samari faɗa. Wai ruwan Agusta ya ci gindin katanga ta karkata, maza a nemo azara a tokare ta tun ba ta kwanta ba, kuma duk wanda ya jingina keke a jikinta ya zo ya ɗauke. Na dube ta na ce, "Ƙirga." Karkata, tokare, kwanta, jingina. Kalmomi huɗu a numfashi ɗaya, kowace da aikinta.

Jama'a, jingina daban, karkata daban. Mai jingina yana da abin da ya ɗora nauyinsa a kai, bango ne ko bishiya ko kafaɗar miji. Abin da ya karkata kuwa ba shi da madogara, ya bar tsayuwarsa, kuma in ba a tare shi ba ƙasa zai je. Akwai wata hasumiya a garin Pisa na ƙasar Italiya da aka fara ginawa a 1173, ƙasar da ke ƙarƙashinta ta yi laushi sai ta koma gefe ɗaya, har aka rufe ta a 1990 aka yi ta gyara, ba a sake buɗe ta ba sai 2001. Bature da kalmar da yake faɗin saurayi a jikin mota, da ita yake kiran wannan hasumiya. Amma wane Bahaushe ne zai ce hasumiya ta jingina? A jikin wa? Karkata ta yi.

Kada a ce na raina Turanci. Shi ma yana da nasa, akwai tilt, akwai slant, akwai recline da sauransu. Abin takaicin shi ne ko su ɗin ba mu kwaso ba, guda ɗaya muka tsinto muka kori goma namu saboda ita.

Duba dai abin da muke zubarwa. In na ce Alhaji ya kishingiɗa, ba sai na faɗa maka akwai kilishi da tumtum ba, kuma ka san hankalinsa kwance yake. In na ce tsohuwa ta ranƙwafa, na faɗa maka shekarunta. Amarya ta sunkuyar da kai kunya ce, ta rusuna gaban suruka ladabi ne. Kishiya ta dube ta a kaikaice, ka san akwai magana. Yaro ya kwanta a gicciye a bakin ƙofa, ka san akwai mai tuntuɓe da shi. Budurwa ta turo ɗauri gaban goshi, wanda iyayenmu ke kira ture-ka-ga-tsiya, ai ba sai an ce maka ba ta da kunya ba. Kalma ɗaya ta yi aikin da layi uku ba za su yi ba.

Kuma waɗannan kalmomi ba a jiki kaɗai suka tsaya ba. Duk manomin ƙasar Karaye da Rogo ya san jinginar gona, wato ka ba da gonarka ka karɓi kuɗi, mai kuɗin ya yi ta nomawa har ranar da ka fanshe ta. An ce jingina ne domin ba sayarwa ba ce, za a dawo a ɗauka. Haka in an ce an karkatar da kuɗin jama'a, ko zuciyar miji ta karkata ɗaki ɗaya, kowa ya san an bar daidai. Marubucin da bai rarrabe waɗannan biyun ba, yaya zai rubuta labarin gida mai mata biyu?

Na san wani zai ce ai haka yaran yanzu suke magana. Gaskiya ne. In 'yar jami'a ce a cikin labari, a bar ta ta yi Ingausarta, bakinta ne. Mota da tebur da asibiti ma aro ne, mun karɓa domin ba mu da su. Amma muryar mai ba da labari taka ce kai marubuci, kuma aron abin da kake da shi a ɗaka ba wayewa ba ce, kasala ce. Ni ma ban wanke kaina ba, littattafaina na farko in na buɗe yanzu kunya nake ji, lokacin gani nake in ban yayyafa Turanci ba za a ce ban yi makaranta ba.

Shawarata ga ƙannena marubuta, kalmomin nan ba su ɓata ba. Bargery ya tattara su a ƙamusunsa tun 1934, Jami'ar Bayero ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006. Wanda bai samu ko ɗaya ba, ya je ya zauna kusa da kakarsa ya kasa kunne, ita ma ƙamus ce. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ita dai 'yata kafin in taho ta gyara shafinta. Saurayi ya jingina, Hajiya ta kishingiɗa, bishiya ta karkata. Budurwar ce muka yi ta gardama a kanta har la'asar, ita ta ce langaɓewa ta yi, ni na ce lafewa. Na bar mata, littafinta ne.

Allah Ya sa mu dace. Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu za mu ɗora daga inda muka tsaya.