Kafin ki sayi adafta, fara duba ramin kwamfutar

Yau zancenmu a kan wani ɗan ƙaramin abu ne da bai kai tsawon tafin hannu ba, amma yana iya ɓata wa yaro rana mai muhimmanci. Kin yi tari kin saya wa ɗiyarki laftof saboda jami'a, ko ke da kanki kina karatu daga gida a NOUN. Sai ga shi an kawo filash za a saka, babu inda zai shiga. Kwamfutocin yanzu sirara ne, an rage musu ramuka. MacBook Air ta shekarar 2020, alal misali, ramukan USB-C biyu kawai gare ta, sai na abin saurare a kunne. Daga nan ne ake cewa ki sayo adafta mai ramuka da yawa, wadda masu shago ke kira hub.

Ga abin da nake so ki riƙe: adafta ba ta ƙara wa kwamfuta ƙarfin da ba ta da shi. Raba abin da ke fitowa daga rami ɗaya take yi, kamar yadda ekstenshan ke raba wutar soket ɗaya. Don haka tun daga gida ake fara cinikin, kafin a taka kasuwa.

Juya kwamfutar ki duba gefenta. Ramin USB-C shi ne ɗan ƙarami mai lanƙwasassun gefe, irin na cajar wayoyin zamani, wanda ake saka waya ta kowace fuska ta shiga. Matsalar ita ce duk kamanninsu ɗaya, aikinsu ne ya bambanta. Wani bayanai kawai yake ɗauka. Wani yana fitar da hoto zuwa talabijin ko majigi. Wani kuma har caji yake karɓa. Idan kin ga alamar walƙiya kusa da ramin, yawanci Thunderbolt ne, yana yin duka ukun. Idan kin ga tambari mai kama da harafin D da P a cikinsa, yana fitar da hoto. Idan babu alama, ki duba lambar samfurin da ke ƙasan kwamfutar, ki nema a shafin kamfanin da ya ƙera ta. Wannan ya fi muhimmanci ga kwamfutoci na hannu da masu sauƙin kuɗi, domin a cikinsu ne aka fi samun ramin da bayanai kaɗai yake ɗauka. Irin wannan ramin, idan kika saka masa adafta ta yau da kullum, ramin HDMI ɗinta ba zai nuna komai ba. Ki yi tunanin yarinya tsaye gaban malamai ranar kare kundin bincikenta, allo baƙi ƙirin.

Idan kuma kwamfutar tsohuwa ce marar USB-C, sau da yawa tana da HDMI ko VGA a jikinta. Abin da kike buƙata kawai ƙaramar adafta ce mai ƙara ramukan filash. Kada a sayar miki da abin da ba zai shiga ba.

Mataki na biyu, ki zauna da mai kwamfutar ku lissafa abin da za a riƙa sakawa. Filash da firinta da linzami suna buƙatar ramin USB babba mai kusurwa huɗu. A nan ki lura da lamba. USB 2.0 gudunsa megabit 480 ne a daƙiƙa, USB 3.0 kuma gigabit 5, wato kusan ninki goma a lissafi. Sau da yawa cikin ramin 3.0 shuɗi ne. Wasu adaftoci masu araha ramuka huɗu gare su, amma ɗaya ne kawai mai sauri. Ga linzami da firinta ba laifi, amma mai kwashe bidiyon biki ko manyan hotuna za ta sha jira.

Majigi kuwa, a tambayi makarantar wane iri ne suke da shi. Har yanzu akwai azuzuwan da majiginsu na VGA ne, wato shuɗin kai mai allurai 15 da ake ɗaurewa da kusa biyu. Shi hoto kawai yake kaiwa, ba ya ɗaukar sauti. Idan haka ne, a nemi adafta mai HDMI da VGA a haɗe. Kada rubutun 4K da ke jikin kwali ya ruɗe ki ki ƙara kuɗi. Don nuna darasi ko kallon fim a talabijin ɗin falo, 1080p ya wadatar.

Sai batun caji, wanda a ƙasar da wuta ke zuwa ta tafi ba abin wasa ba ne. Idan ramin da ake caji da shi shi ne za ki saka wa adafta, to dole ki nemi mai ramin da aka rubuta PD, inda za ki saka cajar ta wuce zuwa kwamfuta. Adaftar ba ta zuwa da caja, taki za ki yi amfani da ita. Kuma tana cire rabonta kafin ta miƙa sauran, wasu har wat 15. Duba jikin cajarki, za ki ga an rubuta 45W ko 65W. Idan ta wat 45 ce aka cire 15, saura 30, sai batir ya riƙa cika a hankali, ko ma ya tsaya cik yayin da ake aiki. An kawo wuta ta awa biyu an ɗauke, yaro bai samu cajin da zai yi karatun dare ba. Dabarar ita ce, idan wuta ta zo kuma ba a buƙatar adaftar, a cire ta a saka cajar kai tsaye.

Haka nan babban ma'ajin bayanai na waje, mai faifai a ciki, yana jan wuta sosai. Idan aka haɗa shi da waya ana caji da wasu kaya a kan adaftar da ba a saka mata caja ba, yana iya yankewa ana tsakiyar kwafa, aikin wata da watanni ya lalace. Ki koya wa yara su cire filash ta hanyar da ta dace, ba fizgewa ba, kuma su ajiye kwafin aikin makaranta a wuri biyu.

Game da zafi, mai jikin alminiyum takan yi ɗumi, wannan ba matsala ba ce, ta haka take fitar da zafin. Amma idan ta kai ba ki iya riƙe ta, ko kika ji ƙauri, a cire nan take. Kada a bar ta a kan katifa ko ƙarƙashin filo, musamman a watannin Maris da Afrilu. A kuma nisanta ta da masu rarrafe. Idan yaro ya ja ta tana lilo, ramin kwamfutar ne zai karye, kuma gyaransa ya fi kuɗin adaftar nesa ba kusa ba.

Ranar saye, ko Farm Centre za ki a Kano, ko Banex a Abuja, ko shagon unguwarku, ki tafi da kwamfutar da cajarta da filash ɗaya. Ki sa a gwada kowane rami a gabanki, a haɗa da allo ki ga hoto da idonki, a saka caja ki ga alamar caji ta fito. Ki karɓi rasit, ku yi magana a kan canji idan ta ƙi aiki. Mai ramuka biyar da duka suke aiki ta fi mai goma sha ɗaya da rabinsu ado ne.

Wadda ta duba gefen kwamfutarta ta ga alamar da ba ta gane ba, ta rubuto sunan kwamfutar da lambarta a ƙasa, mu duba tare. Sai mako mai zuwa, a gaida yara.