Ba A Gadon Sardauna Da Shiru

Jama'a, akwai wata magana da mu ke yawan ji a bakin waɗansu wakilan majalisa, wai ladabi shi ne kame baki gaban mai mulki, wai kuwa haka Sardauna ya koya musu. To, mu dai ba mu yarda ba, ga kuwa dalilinmu.

An haifi Ahmadu Bello a Rabah cikin 1910. Jinin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne, wanda ya ke kwance a Wurno tun 1837. Ya yi Kwalejin Katsina, ya koyar a Midil ta Sakkwato, aka naɗa shi Sarkin Rabah cikin 1934, sa'an nan Sardauna cikin 1938. Cikin 1943, yana aiki a Gusau, aka tuhumce shi da cin kuɗin jangali, kotun Sarkin Musulmi ta yanke masa ɗauri. Shin sunkuyar da kai ya yi, ya ce ladabi? Ko kusa! Ɗaukaka ƙara ya yi, babbar kotu ta wanke shi sarai. Mutumin nan shi ne ya shiga majalisar Kaduna cikin 1949, ya zama Firimiyan Arewa cikin 1954.

Ko a Ingila, inda aka ɗauko tsarin majalisar nan, haka abin ya ke. Wani wakili, Jon Hamden, ya ƙi biyan sule 20 na harajin jiragen ruwa, don Sarki Carles na Ɗaya ya aza shi ba da yardar majalisa ba. Cikin 1638 alƙalai 7 cikin 12 suka kayar da shi, amma cikin 1641 majalisa ta soke harajin. Ba sule 20 ne ya gagare shi ba, ƙa'ida ya tsare.

Manomin shinkafa na fadamar Wurno, da mai albasa na Goronyo, da makiyayin Rabah, ba su aiki kowa ya je ya riƙa gyaɗa kai ba. Sun aike shi ne ya tambayi inda kuɗin jama'a ya shiga, ya komo ya gaya musu. Hausawa sun ce kyan ɗa ya gaji ubansa. Wanda duk ya rataya hoton Sardauna a zaurensa, amma ya yi gum ran da a ke kasafin dukiyar talakawa, hoton kaɗai ya gada.

Allah ya ji ƙan Sardauna, ya ba wakilanmu ƙarfin halin tambaya, amin.