Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa Kan Tsofaffin Kwamfutocin Makarantunmu



Mai Girma Gwamna, ina rubuto maka wannan wasiƙa daga Ketare, a ƙaramar hukumar Ƙanƙara, kan wata magana da ba ta kai ta tsaro ko ta taki zafi a bakin mutane ba, amma lokacinta ya riga ya yi.

Ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10, sai ga wanda ya nemi ɗan ƙarin wa'adi. Windows 7 kuwa tun Janairun 2020 aka sallame ta. Wadda ta gaje su, Windows 11, tana da sharuɗɗa: RAM gigabayit 4 ko fiye, wurin ajiya gigabayit 64, wata na'urar tsaro da ake kira TPM 2.0, da injin da bai tsufa ba. Kwamfutocin da aka raba wa makarantu shekaru goma ko fiye da suka wuce, da na hannu da ake sarowa daga Ikeja ko Kano, mafi yawansu ba su cika waɗannan sharuɗɗa ba. Abin da nake tsoro shi ne wata rana a kawo maka takarda a ce duk sun mutu, a yi gwanjonsu, a ware kuɗi a sayo sababbi. Ranka ya daɗe, kafin ka sa hannu, ina roƙon a kunna su a gani.

Na san wata makaranta a wannan yanki, ba sai na kama suna ba, da ɗakin kwamfutarta yake kulle da kwaɗo. Da aka buɗe mana, sai ga injina jere an lulluɓe su da leda, ƙura ta yi musu bargo, zanzaro ya yi gini a bayan ɗaya. Malamin da ke riƙe da makulli ya ce sun lalace. Muka tayar da janareta. Wasu kam sun tafi. Amma da yawa sun kama wuta, sai dai a danna a zauna jira, a buɗe takarda ɗaya injin ya sandare. An ɗora musu Windows ta sata a shagon gyara, sannan wani ya soka filash mai ƙwayar cuta, irin wadda ke ɓoye fayiloli ta bar inuwarsu kawai. A ɗaya, ɗan batirin da ke kan allon ciki, mai faɗin kwabo, shi ne ya ƙare, shi ya sa take mance kwanan wata duk lokacin da aka kashe ta. Muka sa filash mai ɗauke da Linux a wadda RAM ɗinta gigabayit 2 ne kacal, ba mu goge komai ba, ta tashi daga filash ɗin kai tsaye, aka buɗe shafin rubutu, malamin ya zauna ya buga sunan makarantarsa. Ƙarfen lafiya lau yake. Kayan da aka aza masa ne suka fi ƙarfinsa, kamar jakin da aka labta wa lodin mota aka ce ya zama rago.

Linux babbar manhaja ce mai tafiyar da kwamfuta, aikinta ɗaya da na Windows. Wani ɗalibin jami'ar Helsinki a ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara ta a 1991, aka haɗa ta da aikin GNU da Richard Stallman ya assasa a 1983. Lasisinta ya halatta wa kowa ya kwafa, ya raba, ya gyara, ba tare da biyan ko sisi ba. Filash ɗaya sai ya zagaya makarantun gunduma guda, kuma babu wanda ya ci haƙƙin wani. Ga iyayen da ke son 'ya'yansu su tashi da sanin halal da haram, wannan ma abin dubawa ne, domin ba daidai ba ne makarantar gwamnati ta koyar da yara a kan manhajar sata. Wayoyin Android da ke aljihun matasanmu ma a kan ƙwaryar Linux aka gina su. Linux tana da nau'o'i da yawa. Ubuntu, wadda ɗan Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth ya fito da ita a 2004, ita aka fi sani, amma ga tsohon inji an fi son marasa nauyi irin su Lubuntu, da Linux Mint mai fuskar Xfce, da antiX wadda ke iya tayar da injin da ko gigabayit 1 bai cika ba.

Dalilin da ya sa na damu shi ne jarrabawa. Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, WAEC ma ta fara tata ga masu zaman kansu a 2024. Yaro daga Ketare ko Faskari ko Sabuwa ya yi shekara shida a sakandare, ya haddace ma'anar kwamfuta da sassanta daga allo, bai taɓa ɗora hannu a kan linzaminta ba sai ranar da aka kai shi cibiyar jarrabawa a birni. Agogo na tafiya, shi kuwa yana neman yadda zai matsa zuwa tambaya ta gaba. Ya san amsa, hannunsa ne bai saba ba. Ɗan da ke kusa da shi, wanda ya tashi a Katsina ko Funtuwa da kwamfuta a gida, ya yi nisa. Abin da yaron nan yake buƙata kafin ranar bai wuce ya saba da madannai da linzami, ya iya buɗe shafi ya zaɓi amsa ba. Injin shekara goma sha biyar zai koya masa wannan sarai.

Yaranmu kuma an riga an ci su bashin karatu. Ba mu manta daren 11 ga Disamba 2020 ba, da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, da rufe makarantun da ya biyo baya. A Satumbar 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, muka yi watanni babu sabis. Duk tsarin da zai dogara da intanet kullum bai san yankinmu ba. A kan Linux ana iya zuba Kiwix, manhajar da ke ajiye Wikipedia sukutum a cikin inji, ta Turanci da ta Hausa, a karanta ba tare da data ba. Akwai LibreOffice na rubutu da lissafi, akwai manhajojin koyon buga rubutu, akwai ma tsarin madannai na Hausa da ke fitar da ɓ da ɗ da ƙ ba tare da wahala ba.

Wasu sun riga mu. Jihar Kerala ta Indiya ta mayar da makarantun gwamnatinta kan Linux shekaru da dama da suka wuce, kuma har yau a kanta suke, domin sun horar da malamai sun kafa hukumar da ke bin aikin. A 2024 jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta sanar da sauya kwamfutocin ma'aikatanta kusan 30,000 zuwa LibreOffice da Linux. Mu ma a nan gida an taɓa gwadawa: a 2007 aka raba wa ɗaliban wata firamare a Galadima, Abuja, ƙananan kwamfutocin shirin One Laptop per Child, masu aiki da Linux. Shirin bai yaɗu a ƙasar nan ba. Abin da na ɗauka daga labarin Kerala da na Galadima shi ne raba inji ba ya wadatarwa idan babu wuta, babu mai gyara, babu malamin da ya iya.

Ba zan ɓoye maka inda gizo ke saƙa ba. CorelDraw da masu shagunan buga takardu suka saba da ita ba ta hawa Linux kai tsaye, ko da yake Inkscape na yin irin aikinta. Wasu firintoci sai an sha fama. Injin da ya tsufa tukuf zai yi rubutu da karatu, amma zai yi nishi a kan shafukan bidiyo. Malamin da ya saba da Windows kuma zai yi 'yan kwanaki yana laluben inda abubuwa suke. Duk waɗannan sun fi sauƙi a kan ɗaki kulle.

Roƙona, Mai Girma Gwamna, ka umarci hukumar fasahar sadarwa ta jiha, KATDICT, tare da ma'aikatar ilimi, su bi makarantu su ƙidaya abin da ke akwai, ƙidaya ta kunnawa da gwadawa, ba ta cike fom a ofis ba. Wanda ya tashi a zuba masa Linux mara nauyi. Wanda ke buƙatar ƙarin RAM, ko sabon faifan ajiya na SSD, ko batirin kwabo, a saya masa, domin kuɗin sabuwar kwamfuta ɗaya zai farfaɗo da tsofaffi da dama. Wanda ya mutu a cire sassansa a raya 'yan'uwansa, ragowar a kai inda ake sarrafa shara irin wannan, kada a bar yara su ƙona wayoyinsa don neman tagulla suna shaƙar guba. Kuɗin da aka rage a zuba shi a sola da batura, domin rashin wuta ya fi komai kashe waɗannan ɗakuna, kuma babu shugaban makarantar da zai iya sayen man janareta kullum. Ma'aikatun da ke sauya injinansu a Katsina su daina jibge tsofaffin a sito, su miƙo su makarantun karkara bayan an goge bayanan ciki.

Masu gyara kuwa muna da su. Samarin da ke zaune a rumfunan cajin waya da gyaranta a kasuwanninmu, masu kwance waya su ɗaura ta da ɗan sukundireba, sati biyu na horo ya ishe su su iya zuba Linux su canza RAM. A haɗa kowace makaranta da ɗaya daga cikinsu da malami guda, a riƙa ba su ɗan alawus, a kuma sa darasin kwamfuta ya zama a gaban inji, mata da maza, ko da uku-uku za su zauna.

Idan ana son a gwada kafin a faɗaɗa, a fara da gundumar Ketare a zangon karatu ɗaya. A sanar da Kanwan Katsina Hakimin Ketare da kwamitocin iyaye don su sa ido a kan kayan. A ƙarshen zango a turo jami'i ya zaunar da 'yan aji shida a gaban injinan, ya ga da idonsa ko sun iya. Ina roƙon a ba da wannan umarni kafin a buɗe rajistar JAMB mai zuwa.

Allah ya taimake ka, ya ba jiharmu zaman lafiya.

Naka,
Wani ɗan Ketare